Mushe Mai Wake, Mahaifina

Ranar da aka kai Baba makwancinsa tabarmin gidanmu ba su isa ba. Aka aro na maƙwabta, aka aro na masallacin unguwa, duk da haka maza suka yi ta tsayuwa har bakin hanyar Kance. Danginmu ba su kai haka yawa ba. Sauran duk tsoffin ɗalibansa ne na lise, wato babbar sakandare, wasu har sun yi furfura, wasu sun taho da kayan aikinsu a jiki ba su tsaya sauyawa ba. Kowa ya shigo sai ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Mun yi rashin uba." Na farko da ya faɗa na amsa masa da addu'a. Da aka yi ta maimaitawa sai na daina amsawa, kuma na san ba zafin rashi ba ne kaɗai ya hana ni. Wani abu ne da na sani tun ina budurwa.

A cikinsu akwai wata 'yar garin Dawce, sa'ata ce, yanzu tana aikin awon jini a wani asibiti a Damagaram. Tun daga ƙofar gida aka jiyo kukanta. Goggo, ƙanwar Baba, da ke zaune kusa da ni, ta tashi ta je ta rungume ta tana lallashi, mata suka kewaye ta, wata na ba ta ruwa, wata na yi mata fifita. Ni da na yi wata da watanni ina wankin jinyarsa, ina zaune a gefe idona a bushe. Wata tsohuwa ta leƙo fuskata ta ce, "Ke kam Allah ya ba ki dauriya."

Kafin su watse na ji suna shawarar za su haɗu su rubuta tarihinsa. Su rubuta, sun cancanta. Amma na ce bari ni ma in ajiye nawa, kada a wayi gari Baba ya zama na 'yan lise su kaɗai.

Dogo ne siriri, hannun rigarsa kullum fari fat da alli. Ya koyar da ilimin halittu a Matamaye tun kafin a haife ni har ya ajiye aiki. Mushe shi ne malamin makaranta a bakin mutanenmu, daga Faransanci aka aro; shi kuma mutanen gari Mushe Mai Wake suke ce masa, ba ya jin haushi. Ni kuwa Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba Inna kunya: idan aka miƙa masa jariri a wurin suna, kafin ya yi addu'a sai ya duba kunnen yaron, ya ɗaga kai ya dubi kunnen uban, ya waiga ya nemi na kakar. Inna takan ce masa a hanyar dawowa, "Malam, ka daina wannan kallon. Mutane za su ce wani abu kake zargi." Shi kuma ya ce, "Ni ba zargi nake ba, karatu nake." Idan ɗalibi ya ce masa ya gane, ba ya yarda. Cewa yake, "Kada ka gaya mini. Yi in gani."

A lise akwai ɗakin gwaje-gwaje da ake kira labo, amma abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: madubin ganin ƙananan abubuwa guda ɗaya, da kabad da babu komai a ciki. Don haka Baba ya kwaso labonsa ya kawo garkarmu, wato lambun da ke bayan gida, gefen fadama. Ya shuka wake iri biyu, ɗaya mai farin fure, ɗaya mai fure launin shuni. Ranar Asabar da la'asar 'yan ajinsa sukan cika garkar, samari da 'yan mata, kowa da matsefata. Su buɗe furen da bai riga ya buɗe ba, su tsince mazan da ke ciki a hankali. Washegari da sassafe su dawo su ɗebo garin furen ɗaya irin su shafa masa, su ɗaure da zare don a gane shi. Zaren ɗinkin Inna ne, ba a taɓa tambayarta ba.

Abin da ya fito su shuka shi da rani, suna ban ruwa daga rijiya. Idan ya yi fure duk sai ya fito shuni, babu fari ko ɗaya. Baba ya tsaya tsakiyar kunya, hannu a baya, ya ce, "To, ina farin ya tafi?" Wani ya ce ya mutu, wani ya ce shuni ya cinye shi. Ba ya ba su amsa. Sai ya ce a tara iri a sake shukawa. A shuka ta gaba sai ga farin ya dawo, nan ɗaya can ɗaya, kamar ɗaya cikin huɗu. Ranar nan ihunsu har cikin gida ake ji. Shi kuma ya yi ta dariya yana cewa, "Bai mutu ba. Ɓuya ya yi. Haka kakanninku suke ɓoye a jikinku."

Duk wannan daga bayan darni na gan shi. Tun ranar da na shiga lise Baba ya je wurin shugaban makaranta ya roƙa kada a sa ɗansa ko 'yarsa a ajinsa. Ya ce mini, "Idan kin ci za a ce ni na ba ki. Idan kin faɗi za a ce na kasa gidana." Daga baya ma ɓangaren adabi aka tura ni, muka ƙara nisa. Amma garkar ai tamu ce. Wata Asabar na ɗaura zane na shiga na tsaya kusa da shi. Ko juyowa bai yi sosai ba ya ce, "Uwata, je ki taya Innarki. Kada ki taka mini kunya." A daidai lokacin 'yar Dawcen nan tana tsugune a tsakiyar kunyar, ƙafarta kan ganye, ta ce masa matsefatarta ta dakushe. Ya zaro tasa daga aljihu, wadda ko mu ba ma taɓawa idan ƙaya ta soke mu, ya miƙa mata.

Ban tsane ta ba. Na so in tsane ta, ta hana ni. Yarinya ce mai ladabi, a gidan wata gwaggonta take zaune a cikin gari, duk sanda ta shigo sai ta gaishe da Inna har ƙasa, ta ɗauki tsintsiya. Da damina ta kawo mana zogale da rake daga garinsu. Da ubanta ya so cire ta daga karatu don babu mai taya uwarta aiki, Baba ya hau tsohon motonsa, wato babur, ya je Dawce har sau da yawa, ya zauna a zauren mutumin yana shan fura yana lallashi har ya haƙura. Ya dawo da ƙura har gira yana murna. A shekarar ni ma na zo ta farko a ajinmu. Na kai masa takardar, ya duba ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara," ya mayar mini.

Ina da ƙane. Dole in yi maganarsa, don ba za a gane Baba ba sai da shi. An haife shi da amosanin jini, abin da a asibiti suke ce wa emasi. Baba da Inna 'ya'yan wa da ƙane ne, auren gida aka yi musu, kuma a zamaninsu ba wanda ya san da wani awo. Yaron yana da wayo da surutu, amma da sanyi ya shigo sai ƙashinsa ya kama ciwo, ya yi ta murƙususu yana kiran Inna. Baba ya sha ɗaure shi da rawani a bayansa a kan moto zuwa asibiti. Bai gama firamare ba ya rasu. Baba ya zauna cikin maza ya karɓi gaisuwa, ya gode wa kowa, bayan sadakar uku ya koma aji. Daga ranar bai ƙara kiran sunan yaron a gida ba. Idan Inna ta fara, sai ya tashi ya ce zai duba garka.

A shekarar ya ƙirƙiro darasin ƙwarya. Ƙwarya biyu yake kawowa aji, kowace da farin wake da ja rabi da rabi. Ɗaya uwa, ɗaya uba. Ɗalibi ya rufe ido ya zaro ƙwaya ɗaya a nan, ɗaya a can: wannan shi ne ɗan da aka haifa. Fari da fari lafiya lau. Fari da ja, yaron lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da abin a ɓoye. Ja da ja, ciwo. Kowa sai ya ja da hannunsa, a rubuta a allo, har su gani da idonsu cewa ba maita ba ce, ba iska ba ce, kuma ba laifin uwar ba ne ita kaɗai.

Ni ban san da wannan darasi ba sai a bakin 'yar Dawce. Lokacin shan iska ta same ni a bakin famfo ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ashe kin yi rashin ƙane? Allah ya jiƙansa. Jiya Mushe ya ba mu labarinsa. Ya ce yana son ƙwallo, yana tsaron gida don ba ya iya gudu." Ta sunkuyar da kai. "Har hawaye ya yi."

Na ce mata na gode. Ban san yadda na ƙarasa ranar ba.

Da la'asar na same shi a zaure yana tsintar iri a faifai. Na durƙusa na gaishe shi, ban tashi ba.

"Baba, an ce kun yi kuka a aji."

Bai ɗago ba. "Wa ya ce?"

"Duk makaranta ta sani. Mu da muka kwana ɗaki ɗaya da shi ba mu ƙara jin sunansa a bakinku ba. Sai 'ya'yan mutane."

Ya ture wata ƙwaya gefe. "Su ba su yi aure ba tukuna. Idan na gaya musu, wani zai tsira. Ke in na gaya miki me zai ƙaru? Kin san shi. Ke kika goya shi."

"Ni ma ban yi aure ba, Baba."

Sai a nan ya ɗago. Ya dube ni kamar yau ya lura na girma. Ya rage murya ya ce, "Innarki fa? Ƙwarya biyun nan ni ne da ita. Kina so in zauna gabanta ina lissafa mata?"

Bai san Inna tana bayan ƙofa da kwanon abincinsa ba. Ta shigo ta ajiye kwanon a gabansa, ta gyara murfin. Ta ce, "Malam, ai na daɗe da sani. Matan unguwa sun gaya mini ka mai da mu ƙwarya a lakwal, gaban ɗalibanka. Ban hana ka ba, in zai yi wa wani amfani. Amma yaron nan yana da suna."

Ya tashi ya sa takalmi ya tafi masallaci, alhali ba a kira salla ba. Muka yi makonni tsakanina da shi sai gaisuwa. Ba zan ce ya sauya ba, don bai sauya ba. Abu ɗaya ne kawai. Wata rana Inna ta yi miyar yakuwa, ya kai loma biyu ya tsaya, ya kira sunan ƙanena ya ce, "Wannan miyar yake so." Inna ta ce, "Ita ce." Ta juya baya tana gyara wuta da ba ta buƙatar gyara.

Na ci bak, jarrabawar gama lise, na zama malamar firamare, aka tura ni Tsauni. A can na haɗu da wanda na aura. Da magabatansa suka zo, Baba ya karɓe su da mutunci, amma ya ce ba zai sa rana ba sai an yi awo. Wani kawun mijin ya ji haushi ya ce su ba su saba bincika jinin mutane ba. Baba ya ce, "Ni ma ban saba ba, Alhaji. Shi ya sa nake da kabari ƙarami da nake ziyarta." Maganar ta ƙare a nan.

Shi da kansa ya raka ni Damagaram. A mota carbi kawai yake ja. Muka shiga ɗakin awon, sai ga 'yar Dawce cikin farar riga. Ta zube ƙasa tana gaishe shi, shi kuma fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun da muka baro gida. Ita ta ɗaure mini hannu, ita ta soka allurar, kuma gaskiya ban ji zafi ba. Da sakamakon ya fito ba ni ta miƙa wa ba, shi ta miƙa wa. Suka sa kai wuri ɗaya suna magana da Faransanci. Ina jin Faransanci, da shi nake koyarwa, amma waɗannan kalmomin nasu ne su biyu. Jinina ne a takardar, ina tsaye kamar wadda ta rako wani.

Na ce, "Ni ba za a gaya mini ba?"

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar'uwa. Kina ɗauke da shi, amma shi mijin, da ya riga ya zo muka auna, ba ya ɗauke da komai. 'Ya'yanku ba za su yi ciwon ba, in sha Allahu."

Na juya wurin Baba. Ba ya nan. Na same shi a waje bayan ginin, ya dafa bango da hannu biyu, kafaɗarsa na girgiza. Ban matsa ba, na bar shi har ya gama. Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Uwata, kina cin kilishi?" Ya saya mini mai yawa, ya hana ni ba kowa a mota, har shi.

Ciwon suga ne ya kwantar da shi a ƙarshe, daga baya hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa. Na ɗauki hutu na dawo gida. Wasu ranaku ya san kowa, wasu ranaku yana tambayar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ɗalibansa suna zuwa dubiya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ko a ranar da ya manta sunan Goggo, idan ɗayansu ya shigo sai ya faɗi shekarar ajinsa da bencin da yake zama.

Wata rana da hantsi Inna ta tafi barka, ni kaɗai ce da shi. Ina ninke masa bargo ya tsura mini ido ya ce, "Ke 'yar wane aji ce? Ban san ki ba."

Na buɗe baki zan ce ni ce, Baba. Ban faɗa ba. Na ce, "Sabuwa ce ni, Mushe."

"Kin makara. An yi nisa." Ya yunƙura, na sa masa matashi a baya. "Ba komai. Kin taɓa ganin ADN, zaren gadon halitta, da idonki?"

"A'a, Mushe."

"Kowa haka yake cewa. Samo albasa."

Muryarsa ta dawo tar, irin wadda nake jiyowa daga bayan darni. Ya lissafa mini kaya: albasa, gishiri, sabulun wanke-wanke na ruwa, ƙyalle mai tsabta, kofin shayi na gilashi, tsinke, da alkol mai sanyi. Alkol akwai shi a ɗakin, wanda muke goge masa wurin allura. Na ruga gidan maƙwabta na roƙo ƙanƙara daga firigonsu na tsoma kwalbar a ciki. Na daka albasar a ƙaramin turmi nan gaban gadonsa, idona na zuba. Ya ce in zuba ruwan gishiri, in ɗiga sabulu kaɗan, in juya a hankali kada ya yi kumfa.

"Me ya sa sabulu?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba, Mushe."

"Da kyau. Wanda ya ce bai sani ba shi nake so. Abin yana cikin jaka ne, jakar kuma mai ce. Me sabulu ke yi wa mai?"

"Yana narkar da shi."

"To kin sani ashe."

Muka jira. Na tace a ƙyalle cikin kofin. Ya ce in karkata kofin, in zuba alkol ɗin a jikin gilashin sannu sannu, kada ya gauraya. Ya kama wuyan hannuna da yatsunsa masu sanyi yana rage mini sauri. Ya ce in ɗaga kofin wajen taga in yi shiru.

Da farko ban ga komai ba. Can sai wani farin abu ya fara tasowa a inda ruwan biyu suka haɗu, kamar zaren kaɗa da aka jiƙa. Na sa tsinke na naɗo shi, ya biyo. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma na tsaya baki buɗe kamar 'yar shekara sha biyar.

Ya ce, "Shi ke nan. Irinsa ne a jikinki. Rabi na uwarki, rabi na ubanki, ko kina so ko ba kya so." Ya koma ya jingina, ya gaji. Idonsa a rufe ya ce, "Kina da kai. Gobe ki zo da wuri, ki zauna a gaba."

Washegari na yi wanka da wuri, na sa atamfata mai kyau, na ɗauko kujera 'yar tsugune na ajiye daidai gaban gadonsa na zauna ina jira. Ya buɗe ido ya dube ni, ya yi murmushi.

"Uwata, kin tashi? Akwai kunu?"

Na ce akwai, Baba. Na je na dama masa, na ba shi a baki cokali cokali, ya sha fiye da yadda ya saba. Bai ƙara ɗaukata ɗaliba ba har Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da yaron da ya riga shi. Ya saka masa da alheri a kan kowane ɗa da aka haifa lafiya ta dalilinsa, nawa ukun na ciki. Mu da ya bari, na gida da na lise, Allah ya ba mu haƙurin juna.